Auren Tsallake Iyaka: Shaidu Sun Gani, Amma Ina Takarda?

Duk wanda ya san Dakoro ya san cewa da wuya ka shiga unguwa ba ka sami gidan da aka kawo amarya daga Katsina, Jibiya ko Zamfara ba, ko kuma gidan da ya aurar da 'yarsa can. Fatauci da kiwo da neman ilimi sun daɗe da haɗa mu zumunta, tun kafin Turawan Faransa da na Ingila su ja layi a tsakaninmu. An ɗaura aure, an raba goro, shi ke nan a wurinmu. To amma a wurin hukuma, mai karatu, wannan amarya baƙuwa ce, ko da ta haifi 'ya'ya goma.

Shekaru da dama ba mu ji zafin wannan ba, saboda yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza har kwana 90, aka kuma ƙara da 'yancin zama a 1986. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Daga bisani Nijar ta fice daga CEDEAO ɗungurungum a ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a cikin watan ne Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan dokar da ta tsaurara shiga da zaman baƙi. Gaskiya ne CEDEAO ta ce a ci gaba da zirga-zirga kamar da har sai an yanke wata shawara. Sai dai alfarma ce, ana iya janye ta, kuma bai kamata zaman matar aure a ɗakinta ya rataya a kanta ba.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne dokar Nijar ta buɗe ƙofa. Gyaran da aka yi wa dokar zama ɗan ƙasa ta 1984 a watan Nuwamban 2014 ya ce baƙo, mace ko namiji, da ya auri ɗan Nijar ko 'yar Nijar yana iya neman zama ɗan ƙasa, kuma ba sai ya yar da ƙasarsa ta asali ba. Sharuɗɗan sun haɗa da auren ya kai shekara 3, ana tare ba a rabu ba, yana zaune a ƙasar shekara 3, yana da hali na gari da abin dogaro da kai. Amma fa auren da doka ta sani ake nufi. Nan ne gizo ke saƙa. Limami da waliyyai da shaidu sun isa a addini, ba mu musa ba, sai dai ma'aikacin da ke duba takardu a Yamai bai halarci ɗaurin auren ba. Abin da zai nema shi ne takardar aure daga ofishin magajin gari. Wanda ya bar wa'adin rajista ya wuce kuwa sai ya bi ta kotu, da shaidu da kuɗin mota da ɓata kwanaki. Ka ɗauki makiyayin da ke daji wajen Kornaka ko Birnin Lalle, yaushe zai bar dabbobinsa ya yi wannan jeka-ka-dawo? Ba ya tunawa da takarda sai ranar da mai gida ya rasu aka zo rabon gado, ko yaro ya isa jarrabawa aka ce ya kawo takardar haihuwa.

A ɗaya ɓangaren kuma abin ya fi ɗaure kai. Sashe na 26 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yarda a yi wa matar da ta auri ɗan Nijeriya rajistar zama 'yar ƙasa, amma bai ambaci mijin 'yar Nijeriya ba. Ɗan Dakoron da ya yi aure a Kano, idan yana son zama ɗan ƙasa, sai ya bi sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara 15. A Maris na 2022 majalisar dokokin Nijeriya ta yi watsi da ƙudurin gyara wannan, har mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar a Abuja. Ashe a wannan fanni ƙanen ya riga yayan.

Muna ganin aikin farko na hukumominmu ne na kusa. Zaman kotun tafi-da-gidanka da ake yi don ba yara takardar haihuwa, me zai hana a haɗa da takardar aure, a kuma sa shi ranakun kasuwa, lokacin da mutanen daji ke shigowa da kansu? Sarakunan gargajiya da limamai su ma su riƙa tambayar ango ko ya kai sunan auren ofishin magajin gari, musamman idan amarya daga tsallake take. Ofishin jakadancin Nijeriya kuwa yana Yamai, tafiyar yini guda daga nan, don haka ya kamata jami'ansa su riƙa zuwa Maraɗi lokaci-lokaci suna sabunta wa matan nan takardunsu.