Waken soya ba masara ba ne, a daina ɗura masa yuriya

Duk damina manoma da dama a Kaduna da Binuwai da kudancin Kano kan sayi buhun yuriya da tsada su watsa wa waken soya, kamar yadda suka saba yi wa masara. Yawancin wannan kuɗi asara ce.

Waken soya na samar wa kansa sinadarin naitirojin. A saiwarsa akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ƙwayoyin halitta ke zaune a ciki, suna zuƙo sinadarin daga iska. Idan aka cika masa yuriya, sai wannan aiki ya ja baya, ganye ya yi kore shar, 'ya'ya kuwa ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya fi ƙishirwarsa shi ne fosfaras, wato takin supa, sai kuma maganin cakuɗa iri kamar Nodumax na cibiyar IITA da ke Ibadan.

Amma supa ma na iya tafiya a banza. A ƙasa mai tsami, wadda yawan zuba yuriya shekara da shekaru ke ƙara wa tsami, sinadaran ƙarfe da alminiyam kan riƙe fosfaras ɗin su hana saiwa sha. Nan ne farar ƙasa ta noma ke shigowa: tana rage tsamin, idan an cakuɗa ta da ƙasa makonni kafin shuka. Da ita da fosfaras Brazil ta mayar da dajin Cerrado, da a da ake ganin ba ya nomuwa, ya zama rumbun waken soya na duniya.

Sai dai ba kowace gona ke buƙatarta ba, kuma idan ta yi yawa takan hana shuka samun zink. Gwajin ƙasa ne zai raba gardama, kuma a nan gwamnatocin jihohi ke da laifi: ana ta bikin rabon taki, amma malamin gona mai abin auna tsamin ƙasa ya zama sai an tona.

Takin gargajiya da ya ruɓe sosai ba ya nuna aikinsa da sauri, shi ya sa ake raina shi, alhali shi ke taimaka wa ƙasa mai rairayi ta riƙe ruwa da takin da aka zuba.

Manomi na iya duba gonarsa da kansa. Lokacin fure, ya tumɓuke tushe ɗaya ya tsaga ƙullin saiwar. Idan cikinsa ja-ja ne, aiki na tafiya.