Batirin Keken Lantarki Ba Ya Son Faɗuwa

'Yan'uwa ɗalibai, keken lantarki ya fara shigo mana, ya kamata mu san halin batirinsa. Dangin na wayar salula ne, amma nauyinsa kan kai kilo 3. In ya faɗi ƙasa, cikinsa kan lalace ba a gani, har ya kama da wuta daga baya ana tsaka da caji.

Don haka mu kashe shi kafin cirewa, mu ɗauka da hannu biyu. Kada mu haɗa shi jaka ɗaya da makullai, ƙarfe kan haɗa wuta. Wajen ɗorawa, mu tura sai ya ce ƙas, mu kulle, mu jijjiga mu tabbatar ya zauna.

In kuwa ya kumbura, mu fitar da shi waje, mu nemi mai gyara. Sayen sabo ya fi gobara araha.