Haƙori ɗaya a pinyo, uku a kuron

Wani abokina ma'aikacin duwan ya tare ni da tambaya bayan mun kalli tseren babura a talabijin. Ya ce shi abin ya ɗaure masa kai: babura biyu ƙirar kamfani ɗaya, injinsu iri ɗaya, sai ɗaya ya tsere wa ɗan'uwansa wajen fitowa daga kwana, amma kafin ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya na bayan ya zo ya wuce shi. A zatonsa akwai wani sirri cikin inji. Sau da yawa ba nan take ba. Tana ga faifai biyu masu haƙora waɗanda sarƙa ke zagayawa: ƙarami a bakin akwatin bitesi, wanda makanikanmu ke kira pinyo, da babba a jikin tayar baya, wato kuron.

Lissafin ba shi da wuya. Mu ɗauki Yamaha R6 ƙirar 2006, wadda ta fito daga kamfani da haƙora 16 a pinyo, 45 a kuron. In aka raba 45 da 16 ana samun 2,81. Ma'ana, sai pinyo ya juya kusan sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. A cire shi a sa mai haƙora 15, lissafi ya koma 3,00: turin da ke isa ga taya ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari, amma babur ɗin da a misali ke kai kilomita 250 a awa in inji ya ƙure, yanzu a wajen 234 zai tsaya. In kuwa a kuron aka ƙara haƙori ɗaya, canjin bai wuce kashi 2 da ɗan abu ba. Shi ya sa masu sana'ar ke lissafa haƙori ɗaya na gaba daidai da uku na baya: 16 da 48 ma 3,00 suke bayarwa.

Ƴan kasuwa za su fi kowa gane wannan. Wanda ya canza takardar jika goma zuwa ƙananan kuɗi bai ƙaru da ko dala ba, ya dai samu sauƙin ciniki. Haka pinyo: ba ya ƙara wa inji ƙarfi, yana raba ƙarfin ne tsakanin saurin tashi da ƙurewar gudu.

To, wane rabo ya dace? Filin tsere ne ke faɗi. A filin Paul Ricard da ke kudancin Faransa, inda tseren awa 24 na Bol d'Or ya koma tun 2015, akwai miƙaƙƙiyar hanyar Mistral mai tsawon kilomita 1,8. Filin Sachsenring na Jamus kuwa duka-duka kilomita 3,671 ne, da kwana 13, goma daga ciki zuwa hagu. Kayan da suka yi daidai a can ba za su yi a nan ba. Ƙa'idar da ake fara koya wa sabon shiga ita ce inji ya kusa ƙurewa a bitesi na ƙarshe daidai inda za a taka birki a ƙarshen hanya mafi tsawo. In ya ƙure tun da sauran tafiya, na'urar da ke kare inji za ta yanke masa wuta, mahayi yana ji yana gani a wuce shi. Ana kuma barin ɗan rara, domin iskar da ke turowa daga baya, ko fakewa a bayan wani mahayi, suna ƙara gudu. Ita kanta Mistral sunan iskar yankin ce aka sa mata.

Sai dai a ganina wannan ƙa'ida rabin magana ce, kuma ita ce ke yaudarar mutane, don kowa na son a ce babur ɗinsa ya fi gudu. Lokaci a kwana ake samunsa ko a rasa shi, musamman kwanar da ke buɗewa zuwa doguwar hanya. Injin santimita 600 irin na R6 ba ya nuna ƙarfinsa sai juyinsa ya haura 10.000 a minti. A ce kwanar ta faɗo tsakanin bitesi na biyu da na uku. A na biyu inji yana kururuwa, dole mahayi ya canza bitesi alhali babur yana kishingiɗe, gwiwarsa na shafar kwalta. Ɗan girgizar nan ta isa ta sa tayar baya ta zame, mutum ya tashi da karaya, babur na miliyoyi ya koma garaji a bayan mota. A na uku kuma inji ya yi sanyi, babur ya fito da nauyin jiki, kuma wannan jinkiri zai bi shi har ƙarshen hanyar. Haƙori ɗaya ko biyu a kuron kan gyara wannan. Don haka gwanaye sukan yarda su yi asarar ƴan kilomitoci a ƙurewar gudu, wani lokaci ma su gama zagaye ba su taɓa bitesi na shida ba, in dai kwanonin da ke da muhimmanci sun zauna a bitesi ɗaya.

Manyan ƙungiyoyin MotoGP suna da damar sauya haƙoran da ke cikin akwatin bitesi kansa, ɗaya bayan ɗaya. Da irin babur ɗinsu ne Brad Binder, ɗan Afirka ta Kudu, ya kai kilomita 366,1 a awa a filin Mugello na Italiya a 2023. Ƙaramin mahayi ba shi da wannan gata. Faifan nan biyu kawai gare shi, da agogo.

Na ce agogo ne domin kunne maƙaryaci ne a wannan sha'ani. Babur mai babban kuron yana da ƙara, yana fizgar mutum, sai ya ɗauka ya fi sauri, alhali zagayensa ya ƙara tsawo saboda yawan canjin bitesi. Abu ɗaya ake sauyawa, a yi zagaye, a duba lokaci, a rubuta.

Akwai kuma abin da ido bai cika gani ba. Kuron in ya girma, sarƙa na nan yadda take, sai an matso da tayar baya gaba. Tazarar da ke tsakanin tayoyi biyu ta ragu: babur ya fi saurin juyawa, amma gabansa ya fi saurin tashi sama. Pinyo kuwa in ya cika ƙanƙanta yana lanƙwasa sarƙa da yawa, ta mutu da wuri. Ga dalilin da ya sa ake fi taɓa na baya.

Abokin nawa ya ce ashe abin da ɗan kabu-kabun unguwarsu ya yi ke nan, da ya sa babban kuron don ɗaukar buhu cikin rairayi, sa'an nan ya dawo yana kukan shan mai a kan kwalta. Lissafin ɗaya ne. Na ƙara masa da cewa a babura da yawa ma'aunin gudu daga akwatin bitesi yake karatu: da pinyo mai 15 a madadin 16, zai nuna 107 inda a da yake nuna 100.