A Auna Jini Kafin A Sha Magani

Sanin kowa ne cewa da zarar damina ta kankama, sai gidaje su cika da masu zazzaɓi, galibi kuwa yara ƙanana. Abin da aka saba shi ne, maigida ya taɓa jikin yaro ya ji zafi, sai ya aika kantin magani a sayo masa ƙwayoyin maleriya, ba tare da wani malamin asibiti ya duba yaron ba. Wannan ɗabi'a ta game gari da ƙauye, har ma'aikatan gwamnati da ɗaliban manyan makarantu, waɗanda ake zaton sun fi kowa sanin illarta, ba su kuɓuta daga gare ta ba. Lokaci ya yi da za a bar ta.

Dalili na farko shi ne, zazzaɓi alama ce kawai ta cewa jiki yana fama da wata cuta, kuma cututtukan da ke kawo shi suna da yawa. Akwai ciwon huhu da ake kira namoniya, da ciwon kunne, da na maƙogwaro, da na mafitsara, da ƙyanda, da taifot, da sanƙarau wanda yakan ɓarke da bazara, da kuma zazzaɓin Lassa. Maganin cizon sauro ba ya yi wa ko ɗaya daga cikinsu komai. Yaron da ke da namoniya, in aka kwana uku ana ɗura masa maganin maleriya, to an ba cutar kwana uku ke nan tana cin huhunsa, kuma sau da yawa ba a farga sai numfashi ya fara gagara.

Gaskiya ne a da hukumomin lafiya da kansu sun yarda a ɗauki kowane zazzaɓin yaro a matsayin na cizon sauro, domin madubin likita ba ya samuwa sai a manyan asibitoci, kuma kulorokwin yana da araha. Amma wancan zamani ya wuce. Ƙwayoyin cutar sun saba da kulorokwin har ya daina kashe su, abin da ya sa Nijeriya ta sauya shi a 2005 da haɗin magunguna mai sinadarin atimisinin, wanda ake kira ACT. A 2010 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa duk wanda ake zargin yana da cutar a gwada jininsa tukuna. Gwajin nan bai da wuya. Ana tsira ɗan yatsa a ɗiga jini a kan wani ɗan faranti, cikin minti 15 zuwa 20 a ga sakamako, ba a bukatar lantarki ko madubi.

Wani zai ce, tun da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Nijeriya suke, ai in an yi zaton maleriya ce, galibi za a dace, don haka kuɗin gwaji ɓarna ne. Wannan magana tana da kama da hujja, musamman a bakin talakan da ke lissafin kowane kwabo. Sai dai lissafin bai cika ba. Wanda bai dace ba zai biya kuɗin maganin da bai amfane shi ba, ya sake biyan na wani, daga bisani ya biya kuɗin kwanciya asibiti, in ma rai bai salwanta ba.

Su ma ma'aikatan asibiti da masu kantin magani suna da nasu laifi. Akwai waɗanda gwaji zai nuna babu cutar, amma su rubuta maganinta duk da haka, don kada majinyaci ya tafi hannu rabbana ya ce ba a kula shi ba. Akwai kuma masu yi wa kowa hukuncin “maleriya da taifot” bisa gwajin Widal guda ɗaya, alhali an san gwajin nan yakan nuna cuta ga wanda ba ya da ita. Idan gwaji ya ce babu, aikin likita shi ne ya duba ƙirji da kunne da maƙogwaro da fitsari, har ya gano abin da ya kawo zafin jikin.

Idan kuwa gwaji ya tabbatar da cutar, wajibi ne a sha magani cikakke. Haɗin da aka fi bayarwa a ƙasar nan ana shansa sau shida cikin kwana uku, tare da madara ko abinci mai maiƙo domin jiki ya karɓe shi sosai, kuma na yaro gwargwadon nauyinsa ake ba shi. Mutane da dama sukan sha sau biyu, su ji dama, su ajiye sauran don wani jiƙon. Yin haka yana barin ƙwayoyin cutar mafi taurin kai a cikin jini. An riga an tabbatar da ɓullar irin waɗanda atimisinin ke jinkirin kashewa a Ruwanda da Uganda. Wanda ya ga yadda aka rasa kulorokwin bai kamata ya yi wasa da abin da ya maye gurbinsa ba.

Akwai alamun da in an gan su ba a tsayawa neman kanti. Yaron da ya kama jijjiga, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi nauyin barci ba ya farkawa, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko numfashinsa ya yi sama-sama, a garzaya da shi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Irin wannan majinyaci ne ake yi wa allura. Amma mai ƙaramin zazzaɓi wanda ke iya haɗiyar ƙwaya, matsa wa malamin asibiti cewa sai ya yi masa allura ba ya ƙara masa lafiya.

Riga-kafi dai ya fi magani. Sauron da ke ɗauke da cutar da dare yake cizo, saboda haka gidan sauro mai magani da ake rabawa, a kan gado ya kamata a gan shi, ba a shingen lambu ko akurkin kaji ba. A riƙa yashe magudanar ruwa, a cike kududdufai na kusa da gida. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya wata-wata a lokacin damina a ƙasashen Sahel, kuma masu raba shi suna bi gida-gida a jihohin Arewa, sai a buɗe musu ƙofa. Mata masu juna biyu suna da nasu maganin kariya a wurin awon ciki. A watan Disamba na 2024 aka fara yi wa yara allurar riga-kafin cutar a jihohin Kebbi da Bayelsa, amma tana rage haɗari ne kawai, ba ta ɗauke wa kowa shiga gidan sauro ba.

Nauyi mafi girma yana kan hukuma. A watan Afrilu na 2000 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin murƙushe wannan cuta. Cika alkawarin yana farawa ne daga ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, inda ya wajaba a sami kayan gwaji da magani mai inganci da ma'aikaci a bakin aikinsa. Ba a iya cewa talaka ya yi gwaji a inda babu abin gwajin. Gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su tabbatar kayan nan ba su yanke ba, musamman daga Yuli zuwa Oktoba.

Ma'aikaci da ɗalibi kuwa, su ne waɗanda dangi ke tambaya idan wani ya kwanta. Duk ran da aka zo musu da maganar zazzaɓi, amsar da ta dace ita ce a kai marar lafiya a auna jininsa, sa'an nan a san maganin da za a saya.