Daga Aziziya: Amsa ga Yaya Babba da Kawu a kan "jitar ƙwarya"

Mu nan Doha sai godiya, zafi ne kawai da gumi.

To, na ga saƙonninku a kan hoton nan da na turo. Masu dariya sun yi, ba komai. Amma maganar Yaya Babba ce ta hana ni barci, da ya ce wai na fito neman kuɗi na ɓuge da roƙo, kuma in labari ya kai gidan su yarinyar nan a Katsina kada in kuka da kowa. Kawu kuma ya ce kwaikwayon Nasara ne. Ku gafarce ni, girmanku ne, amma yau kam sai na amsa.

Bari in fara da abin da kansa, tunda hukunci kuka yanke ba ku ji ƙararsa ba. Wata tsohuwar jita mai fasasshen ciki na saya a Suk Haraj, kasuwar gwanjo ta unguwar Najma, na cire wuyanta. Ciki kuwa ƙwaryar furar da Inna ta cusa mini a jaka ce. Fatar akuya wani abokin aikina ɗan Sudan ya ba ni, na jiƙa ta kwana guda, na ja ta a bakin ƙwarya na kafe da ƙananan ƙusoshi. Kwana uku da ɗaura tsirkiya, cikin dare na ji tas! Ƙwarya ta dare biyu. Ashe tsirkiyar ƙarfe shida in an ɗaure su suna ja da nauyin kusan kilo 70. Inna, ki yafe mini.

Nan ne na tuna yadda ake haɗa gurmi. Sandar ratsa ƙwaryar take yi, ita ke ɗaukar wahalar, ƙwarya aikinta amo kawai. Da na sami ta biyu sai na ƙara wa wuyan katako ya ratsa har ƙarshe, na koma tsirkiyar roba mai ja kusan kilo 40. Ɗan itacen da tsirkiya ke hawa a kan fata, wato jaki, shi ma da lissafinsa: tsawon tsirkiya santimita 65, ƙarfe na 12 a wuya shi ne tsakiya, ka goce kaɗan duk sauti ya karkace. Wata biyu ina wannan fama bayan na taso aiki. A watan Agusta in na fita da ita Aspire Park raɓar teku na sa fatar ta saki, muryar ta dushe, sai na gasa ta da na'urar busar da gashi, yadda makaɗanmu ke kanga ganga a wuta.

Kawu, wai kayan Nasara. Shi banjo ɗin bayi 'yan Afirka ne suka ƙera shi a tsibiran Karibiyan, da duma da fata da sanda. Wani likita, Hans Sloane, ya gan shi a hannunsu a Jamaika, hotonsa ya fito a littafinsa a 1707. A shekarar 2000 wani ɗan Gambiya, Daniel Jatta, ya nuna wa masana a Amurka yadda akontin na ƙabilar Jola ya yi kama da shi har a salon kaɗawa. Ku dubi gurmi da molo da garaya, ku dubi banjo, ku gaya mini ba dangi ba ne. Ban ce daga Kano aka ɗauke shi ba, kada a yi mini ƙari. Kuma ba ni na fara haɗa shi da jita ba, Johnny St. Cyr ya kaɗa mai tsirkiya shida tare da Louis Armstrong tun 1925. To wa ya kwaikwayi wa?

Yanzu Yaya. Wallahi abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Kaset ɗin wa muke ji a motarka duk ranar da za mu ƙauye? Ba Haruna Uji ba ne da gurminsa? Ranar da Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015 kai ka kira ni kana cewa an yi babban rashi. Mutumin nan da kuntigi ya zagaya duniya, gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya tak. Wato mu ji daɗin kiɗan, mu yi ta yabo, amma kada ɗan gidanmu ya taɓa, na wasu ne ƙasƙantattu. Bikin Autarmu nawa aka biya mai fiyano ya zo ya danna maɓalli? Ba wanda ya ce roƙo ne, saboda na'urar daga waje take kuma tana cin lantarki. A haka masu haɗa gurmi ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu na jin kunyar gadon. Nan kuwa ka shiga Suk Waƙif ka ga garayar Larabawa, ud, an rataye ta a shago kamar zinariya, mai ƙera ta ana ce masa ustaz.

Gaskiya ɗaya zan ba ku: abin nan ba gurmi ba ne. Ƙarafan wuyan jita sun ɗaure sautin, ba ya zamewa yadda yatsan Uji ke zamewa. Shi ya sa ta gaba zan cire su gaba ɗaya in gani.

Ban roƙi kowa ba, ban wasa kowa ba, aikina ina zuwa, kuɗin wata kuma bai taɓa latti ba, Yaya kai shaida ne. Batun Katsina kuwa, ita yarinyar ta riga ta ji ƙararta ta waya, ta ce a ƙara. Mahaifinta ni zan gaya masa da bakina in na zo hutu, kada wani ya riga ni.

Duk mai tahowa ya taimaka mini da ƙwarya babba mai kauri, guda biyu, a naɗe su cikin zane. A gaida Inna da Gwaggo da yara duka.

Naku,
na Aziziya.