Ra'ayinmu: Makaranta Ta San Inda Take Zaune

'Yan'uwa malamai, bazara ta sake kamawa. Duk wanda ya tsaya gaban allo da ƙarfe ɗaya na rana, a ƙarƙashin rufin kwano marar silin, ya san halin da ake ciki: aji ya cika maƙil, gumi na tsiyaya, wannan na gyangyaɗi, wancan ya mai da littafinsa mafici. Daga nan sai mai duba makarantu ya rubuta cewa malami ya gaza riƙe hankalin ɗalibansa. Wannan reshe yana ganin cewa babban kaso na laifin yana wuyan tsarin da aka ɗora mana, wanda bai yi la'akari da inda Allah Ya ajiye mu a bayan ƙasa ba. Abin takaici kuma, darasin da zai fahimtar da mu wannan, wato labarin ƙasa, shi ne muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Masana sun shata layuka a kwance a kan taswirar duniya, suna kiran su latitud, don auna nisan wuri daga ikwaita, layin da ya raba duniya biyu. Legas tana wajen digiri 6 da rabi a arewacin wannan layi, Kano tana kan digiri 12, Sakkwato 13, Landan kuwa ta haura 51. Da yake duniya a karkace take da digiri 23 da rabi yayin da take kewaya rana, hasken rana yakan sauko mana kusan a tsaye duk shekara, alhali a Ingila a kaikaice yake isa, ƙarfinsa ya ragu. Can wuni yakan kai awa 16 a Yuni, ya koma awa 8 a Disamba. A nan, tazarar da ke tsakanin wuni mafi tsawo da mafi gajarta ba ta kai awa biyu ba.

Saboda haka ruwan sama ne ke raba mana shekara. Iska mai laima daga tekun Atlantika takan biyo rana zuwa arewa, ta kawo mana damina ta wata huɗu zuwa biyar, sannan ta ja da baya. Sai busasshiyar iskar Sahara ta karɓi fili da hunturu, ɗauke da ƙurar da mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A Afrilu rana na bisa ƙoƙon kai, ga shi babu gajimaren da zai tare ta, shi ya sa ma'aunin zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Amma latitud ba shi kaɗai ke da ta cewa ba. Jos ta fi Kano kusa da ikwaita, duk da haka ta fi ta sanyi, domin tana bisa tudun da ya kai mita 1,200, kuma zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 a duk mita dubu da aka hau.

Wannan tasiri ya ratsa har cikin jikin ɗan Adam. Baƙar fata garkuwa ce: sinadarin melanin da ke cikinta yana kare jiki daga haskoki masu ƙuna. Al'ummomin da kakanninsu suka daɗe a ƙasashe masu ƙarancin rana fatarsu ta yi haske, abin da ke sauƙaƙa wa jiki samar da bitamin D. Haka nan sikila, wadda kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya ke ɗauke da ƙwayar gadonta, ta yawaita ne a inda sauro ya yi katutu, domin wanda ya gaji ƙwayar daga mahaifi ɗaya kawai yana samun wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Anthony Allison ya nuna haka a Gabashin Afirka a 1954. Muna kuma tsakiyar zirin da sanƙarau ke addaba da rani, daga Senegal har Habasha, kuma da yawa daga cikinmu ba su manta da annobar 1996 da ta ci dubban rayuka a Arewa ba. Ciwo ne da ke son ƙura da cunkoso, kuma duk biyun ajinmu ya tara su.

Tarihinmu ma a kan wannan shimfiɗa ya ginu. Gero da dawa sun dace da gajeriyar damina. Ƙudan tsando ya hana shanu da dawaki yawaita a kurmi, sai kiwo da hawan doki suka bunƙasa a nan. Goro ba ya yi a ƙasarmu, gishirin Bilma kuwa mutanen kurmi ba su da shi, sai fatake suka haɗa sassan biyu, kasuwanni irin Kurmi ta Kano suka haɓaka a tsakiya. Shi kansa cirani ɗan doguwar rani ne.

A nan ne malami zai yi hattara, domin an sha karkatar da wannan ilimi. Ibn Khaldun ya tattauna tasirin iska a kan ɗabi'un al'ummomi a Muƙaddimarsa ta 1377. Montesquieu na Faransa a 1748, da Ellsworth Huntington na Amurka a 1915, sun kai maganar inda ake cewa mutanen ƙasashe masu zafi ragwaye ne, ci gaba kuma rabon masu sanyi ne. Irin wannan tunani ya yi wa mulkin mallaka rana. Sai dai tarihi ya ƙaryata shi. Dalar Masar a cikin zafi aka gina ta, malaman Timbuktu a bakin hamada suka yi rubuce-rubucensu, Singafo kuwa digiri ɗaya kacal ke tsakaninta da ikwaita, ga ta cikin ƙasashe mafi arziki. Yanayi yana gindaya sharaɗi ne kawai. Abin da al'umma za ta zama ya rataya a kan iliminta da shugabancinta. Kada wani yaro ya fita daga ajinmu yana zaton taswira ta riga ta yanke masa hukunci.

Magabatanmu sun karanci wannan sharaɗi, sun bi da shi. Sun yi gini da katangar ƙasa mai kauri da rufin soro, wanda ke tare zafin rana. Makarantar allo takan yi karatu da asuba da yamma da dare, ta sarara idan rana ta take. Mu kuwa muka karɓi kwano da siminti da jadawalin da ke riƙe yaro a aji har zafi ya kai maƙura. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma makarantarmu ta ari na wani gida.

Don haka muna kira ga hukumomin ilimi da abubuwa huɗu. Na farko, daga Maris zuwa Mayu a matso da lokacin shiga aji da sassafe, a tashi kafin azahar, a kuma sa darussa masu nauyi a farkon wuni. Na biyu, kada a sake karɓar ginin aji daga hannun ɗan kwangila ba silin, ba tagogi masu fuskantar juna, sannan a dasa itatuwan inuwa, a tanadi randunan ruwan sha. Na uku, a haɗa kai da ma'aikatan lafiya don yi wa ɗalibai rigakafin sanƙarau kafin rani ya yi nisa. Na huɗu, a ɗauki ƙwararrun malaman labarin ƙasa, a wadata makarantu da taswirori, domin darasin ya zama na zaɓi a babbar sakandare kuma masu zaɓarsa na buƙatar wanda zai ja hankalinsu.

Akwai kuma wanda ba sai mun jira kowa ba. A wajajen 22 ga Afrilu, malamin da ke Kano da kewayenta ya kafa sanda a miƙe a filin makaranta, ya tara ɗalibansa idan rana ta kai tsaka. Za su ga inuwar ta ɓace ƙarƙashin sandar. Daga nan za ta koma kallon kudu har zuwa wajajen 22 ga Agusta, sannan ta sake juyawa arewa. Na Zariya su riga su da 'yan kwanaki, na Katsina su biyo baya. A sa yara su auna, su rubuta, su tambayi dalili. Muna roƙon kowace makaranta ta aiko wa ofishin reshe da abin da ta gani, tare da bayanin halin da azuzuwanta ke ciki a wannan bazara, domin da shi za mu tunkari hukuma a zama na gaba.

Allah Ya kawo mana damina mai albarka.