Kuɗin Ƙofa da Haƙƙin Mai Iyali a Fagen Dambe

Duk wanda ya tashi a wannan yanki namu, tun daga Damaga da Maradun har zuwa Bakura da Talata Mafara, ba ya bukatar a gaya masa matsayin dambe a zukatan jama'a, domin ƙasar Bakura ce ta fitar da Shago, wanda waƙar da marigayi Ɗan Anace ya yi masa ta kai sunansa duk inda ake jin Hausa, har ya zamana yau da wuya mutum ya shiga gidan dambe a Kano ko Abuja ko Legas bai ji an kira wani saurayi da Shagon wane ba. Amma maganata ta wannan mako a bakin ƙofa za ta tsaya, wato a kan kuɗin da ake karɓa kafin a bar mutum ya shiga kallo, da wanda ake karɓa a hannunsa, da wanda ake ɗaga wa ƙafa, da kuma halin da magidanci mai 'ya'ya yake samun kansa a tsakanin waɗannan.

Dattawanmu sun san lokacin da dambe ba shi da ƙofa sam. Idan kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sai rundawa su ɗauki kalangu su bi ƙauyuka, su sauka wurin Sarkin Fawa, da la'asar kuma a share fage a bayan gari ko a gefen kasuwa, kowa ya zo, babba da yaro, mai riga da mai bante. Ba wai kyauta 'yan dambe da makaɗa suke yi ba, ana biyansu, har wani lokaci a biya su da yawa. Sai dai biyan yana zuwa ne ta hanyar kari, inda mai hali zai ba da riga ko dami ko kuɗi, mai ƙaramin ƙarfi ya ba da goro, wanda ba shi da ko anini ya ba da shewa da tafi, kuma babu wanda aka kora. Ma'anar wannan tsari, ga wanda ya yi tunani a kansa, ita ce mawadaci shi ne yake ɗaukar nauyin kallon matalauci, yana kuma samun ladansa nan take ta hanyar kirari da ambaton suna a gaban jama'a.

Da zamani ya juya, aka kewaye fage da zana, daga baya da langa-langa, aka ajiye tebur da jaka a bakin ƙofa, ni ban ga laifin wannan a asalinsa ba, kuma adalci ya wajabta in faɗi haka tun da wuri. Wanda ya shirya wasa a yau yana biyan hayar fili da ta kujeru, yana zuba mai a janareta saboda lasifika da fitila, yana ɗauko 'yan dambe daga nesa, na ɓangaren Jamus da na Guramaɗa da Kudawa, ya ba su masauki da abinci da kuɗin mota, ya sallami makaɗa da alƙalin wasa da masu tsaro, sa'an nan idan wani ya karye ko ya zubar da haƙori, mai shirya wasan za a duba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ninka. Mutumin da ya zuba dukiyarsa da lokacinsa yana da haƙƙin ya mayar da uwar kuɗinsa har ya ci riba, kuma duk wanda ya ce a buɗe ƙofa kowa ya shiga kyauta, lalle bai taɓa biyan ɗan dambe ba.

Inda matsalar take shi ne, kuɗin ƙofa a kan kai ake ƙirga shi, alhali kuwa samu a kan gida yake zuwa. Bari mu ƙaddara, don misali kawai, an yanke naira 1,000 ga kowane mai shiga. Saurayin da ba shi da nauyin kowa zai miƙa dubu ɗaya ya wuce. Magidancin da ya zo da 'ya'yansa biyar, wanda samunsa bai fi na saurayin nan ba, watakila ma bai kai ba, sai ya fitar da naira 6,000, ban da kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, ban da rake ko ƙosan da yara ba za su bar shi ya wuce ba. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata, kuma mafi yawan mutanenmu manoma ne da 'yan tireda waɗanda ba su da wani albashi da suke jira. Saboda haka farashin da ake cewa ɗaya ne ga kowa, a haƙiƙa ya fi nauyi a kan wanda Allah ya fi ɗora wa nauyi.

Wanda yake so ya ga wannan da idonsa, sai ya tsaya a bakin ƙofa tsakanin la'asar da faɗuwar rana. Zai ga uba riƙe da hannun yara biyu, na uku a kafaɗa, yana roƙon mai ƙofa ya bar masa ƙaramin, mai ƙofa yana rantsuwa cewa shi ma ɗan aike ne, za a ƙirga tikiti a ƙirga kuɗi. Zai ga yara sun jeru a bayan shinge, kowa ya manna ido a hudar ƙusa, wasu sun ɗare bishiyar dalbejiya, wani matashi da dorina yana korarsu. Ana cikin haka sai mota ta tsaya, wani babban mutum ya fito da mabiya bakwai ko takwas a bayansa, mai ƙofar nan da ya gama rantsuwa ya durƙusa yana cewa, “Ranka ya daɗe, bismilla,” a buɗe musu gaba ɗaya, a kai su kujerun gaba a ƙarƙashin rumfa, ba wanda ya taɓa aljihunsa. A bayansu kuma ga yaran wani ɗan siyasa, ga ƙanin wani jami'i, ga abokin mai fili, kowa da alfarmarsa.

Wannan shi ne abin da yake ci mini rai, kuma saboda shi na rubuta wannan maƙala. Masu shirya wasa sukan ce ba za su iya yi wa yara rangwame ba domin za su faɗi, alhali rangwame suna yin sa kullum, har ma cikakke, sai dai suna ba da shi ne ga waɗanda suka fi kowa ikon biya. Kowace kujerar da aka ba mai hali kyauta, kuɗinta bai ɓace ba, an raba shi ne a kan waɗanda suka tsaya a rana. Na san za a ce babban mutum yakan yi liƙi a cikin fage fiye da kuɗin ƙofar mutum ashirin. Wani yakan yi, Allah ya saka masa. Amma liƙi na ɗan dambe ne da makaɗi, ba ya shiga jakar ƙofa, kuma mabiyan nan takwas ba su liƙa wa kowa komai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa ɗibar kayan masu sayarwa a kasuwa ba tare da biya ba, irin su nama da auduga, a cikin al'adun zalunci na masu mulkin zamaninsa. To, ban ga wani bambanci na asali tsakanin wancan da shiga wurin sana'ar mutum da ƙarfin matsayi ba, ko da mai sana'ar yana murmushi, domin murmushin wanda ba ya iya cewa a'a ba yarda ba ce a wurin fuƙaha'u.

Ba ina kira ga hukuma ta yanka wa masu dambe farashi ba ne. An ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa lokacin da kaya suka yi tsada a Madina, aka nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Malaman da suka halatta ƙayyadewa daga baya kuwa sun rataya ta ne ga abin da rayuwar jama'a ta dogara a kansa, kamar abinci a lokacin matsi, kallon dambe kuwa ba ya cikin larurori. Sai dai akwai wata ƙofa ta shari'a wadda ta fi wannan sauƙi, ita ce ta sharaɗi. Sau da yawa filin da ake kewayewa ba na mai shirya wasa ba ne, filin gari ne, ko na makaranta, ko na ƙaramar hukuma, wato dukiyar jama'a ce, ciki har da yaran da ake kora da dorina. Hakimi ko dagaci ko shugaban ƙaramar hukuma da ya ba da izinin fili yana da cikakken iko ya ce ya bayar bisa sharaɗin yara ƙanana su shiga kyauta, matasa 'yan makaranta da tsofaffi su biya rabi, kujerar rumfa kuma kowa ya zauna a kanta ya biya ninki, shi kansa mai ba da izinin ya fara biyan nasa a gaban mutane.

Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya. A Ingila akwai wani tseren babura da ake yi a kan da'irar ƙasa, mahaya huɗu su zagaya sau huɗu a kan baburan da ba su da birki, wanda ya shiga ƙasar a 1928. Wasa ne na ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi, kuma an saba a filayensa a rage wa yara da tsofaffi kuɗin shiga, a kuma sayar da tikiti guda na iyali, domin masu filayen sun gane cewa yaron da bai shiga da ubansa ba, ba zai zo da nasa ɗan ba. A watan Fabrairu na 2016 kuma, dubban magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Liverpool suka tashi suka fice daga fili a minti na 77, saboda an yi niyyar kai wasu kujeru fam 77, cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka janye suka nemi afuwa. Nan kusa da mu, a Jamhuriyar Nijar, gasar kokawa ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana zagaya jihohin ƙasar bi da bi, ana kuma watsa ta a rediyo da talabijin na gwamnati, don kada kallon ya zama na mutanen gari ɗaya ko na masu kuɗi kaɗai.

Akwai kuma batun gaskiya a cikin cinikin kansa. Tikiti ciniki ne, sharuɗɗan ciniki kuwa sanannu ne: a san kuɗi, a san abin da aka saya. Idan mai shela ya zagaya kasuwar Mafara ranar Talata yana cewa wane zai kara da wane, mutum ya taso daga ƙauye da 'ya'yansa a kan wannan magana, ya iso ya tarar an ƙara kuɗi saboda an ga jama'a sun yi yawa, ko ya biya ya shiga sa'an nan a ce gwanin bai samu zuwa ba, wannan garari ne da algus, ko da a ajo ne ko a gasar mota. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A faɗi farashi a cikin shela, a rubuta shi a jikin ƙofa, idan kuma wanda aka yi talla da sunansa bai zo ba, a sanar kafin a karɓi kuɗin kowa.

Na san wasu malamaina za su ce tun farko me ya kai yaro gidan dambe, wurin da ake bugun fuska, wanda shari'a ta hana, ga caca a gefe, ga hayaƙi, ga ashar. Maganarsu tana da nauyi, kuma ba zan yi musu a kan hukuncin bugun fuska ba. Kokawa da sukuwa sun fi tsira daga wannan, tun da ya zo a ruwaya cewa Annabi ya yi kokawa da Rukana, ya kuma tabbata cewa ya shirya tseren dawaki, ya bar Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasa da masu ranar idi. Duk abin da na faɗa game da ƙofa ya shafi waɗannan wasanni ma. Amma tsadar tikiti ba ta taɓa hana yaro kallon dambe ba. Abin da take yi shi ne ta raba shi da ubansa, ta tura shi bayan shinge, daidai inda 'yan caca da masu shaye-shaye suke zama, ko ta koya masa ɓarke langa-langa da yi wa mai ƙofa ƙarya. Fagen da iyaye suke zaune da 'ya'yansu kuwa, shi ne fagen da mai shirya wasa yake jin kunyar barin alfasha a cikinsa.

Abu na ƙarshe, wanda ya keɓanci ƙasarmu, shi ne kada a kwafo tikitin iyali yadda yake a wasu wurare, a ce sai yaron da ya zo da mahaifinsa. Shekarun nan na ta'addancin 'yan bindiga, waɗanda suka kai har aka rufe kasuwannin mako aka yanke layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, sun bar mana marayu a kowace unguwa, da 'yan gudun hijira da ke zaune a gidajen dangi a Mafara da Maradun da Bakura. Idan aka rataya rangwame a wuyan uba, waɗannan su ne za su sake zama a waje. A rataya shi ga yaron kansa, ya shigo da kawunsa ko kakansa ko yayansa ko maƙwabci, duk babban da ya riƙo hannunsa ya ce shi ne zai mayar da shi gida. Tun da yawancin yaranmu ba su da takardar haihuwa, a tsaga alama a jikin gimshiƙin ƙofa, duk wanda kansa bai kai ta ba ya wuce. Wannan magana ce da Sarkin Fawa da Sarkin Dambe da masu shirya wasa za su iya yankewa a zama ɗaya a zauren hakimi, kuma ya kamata a yi zaman tun gero bai shiga rumbu ba, kafin masu shela su fara zagaya kasuwanni.